Fim ɗin Ravenous habaici ne ga Amurka, ko jini ne kawai aka nema wa hujja?

Tambaya: Na kalli Ravenous, fim ɗin kaboyi na ban tsoro da ya fito a 1999, wanda sojoji ke cin naman mutane a wani sansani cikin duwatsu. Masu sharhi suna cewa habaici ne ga tarihin Amurka. Ni dai jini na gani da yanka da ƙasusuwa. Da gaske fim mai ta'asa irin wannan yana iya zama habaici, ko suna ne kawai ake laƙaba masa don a halatta kallon ƙazanta?

Amsa: Zargin naka yana da tushe, ɗan'uwa. Finafinai da yawa ana yanka mutane a cikinsu tun daga farko har ƙarshe, sai darakta ya fito a hira ya ce ai jari-hujja yake suka ko 'yan jarida, alhali in ka ajiye hirar gefe babu abin da zai nuna maka haka a jikin fim ɗin. Ravenous ba ya cikin waɗannan. Habaicinsa ya kama, kuma jinin da ya dame ka shi ne makamin da ya yi aikin da shi. Sai dai akwai wuraren da ya yi sako-sako, zan zo kansu. Wanda bai kalla ba ya sani zan tona labarin har ƙarshe, don ba a auna habaici sai an ga inda ya sauka.

Ma'aunin da za mu ɗauka tsoho ne. A 1729 Jonathan Swift ya fitar da wata 'yar ƙasida a Dublin mai suna A Modest Proposal, inda ya ba da shawara, da muryar masanin tattalin arziki mai natsuwa, cewa talakawan Ailan su riƙa sayar wa masu kuɗi jariransu 'yan shekara ɗaya a dafa a ci. Ya yi lissafi dalla-dalla: yaran matalauta 120,000, a ware 20,000 don kada iri ya ƙare, a kai 100,000 kasuwa, kowanne a kan sule goma. Abin ƙyama ne ƙwarai, amma har yau ana karantar da shi a makarantu, domin abubuwa uku sun haɗu a cikinsa. Akwai wanda ake nufi, wato masu filayen haya da hukumar Ingila da suka tatse Ailan. Ta'asar kuma ita ce ainihin laifin da ake tuhumarsu da shi, an dai fito da shi zahiri: da ma sun cinye iyayen, sai su ƙarasa da 'ya'yan. Na uku shi ne mafi wuya, mai maganar bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma nuna ya san abin da yake faɗa mugun abu ne ba. A tazarar da ke tsakanin ladabin muryar da munin zancen habaicin yake zaune.

A fim ana gwada wannan cikin sauƙi. Ka canza wanda ke riƙe da wuƙar a ranka. In aka cire kanar mai kakin sojan Amurka aka sa wani mahaukaci daga daji, ko aljani, kuma fim ɗin ya ci gaba da tafiya ba abin da ya ragu, to babu habaici, tsoratarwa ce zalla. In kuwa fim ɗin ya rushe da zarar an cire kakin, ta'asar tana nufin wani abu. Ravenous yana rushewa.

Sai dai dole a san shekarar da aka ɗora labarin a kanta, in ba haka ba rabin fim ɗin zai wuce mutum. 1847 ce, ana tsakiyar yaƙin Amurka da Meziko, wanda aka fara a 1846 aka ƙare da yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo a Fabrairun 1848. A wannan yarjejeniya Meziko ta rasa kusan rabin ƙasarta, har da Kalifoniya, aka biya ta dala miliyan 15. Shekara guda kafin yaƙin wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya yaɗa kalmar Manifest Destiny, aƙidar cewa Allah ne ya ƙaddara wa Amurkawa su mamaye nahiyar daga teku zuwa teku. A hunturun 1846 zuwa 1847 ayarin Donner, mutum 87 masu ƙaura zuwa Kalifoniya, suka maƙale cikin dusar ƙanƙara a duwatsun Sierra Nevada, kusan rabinsu suka mutu, wasu daga cikin waɗanda suka rayu da naman mamatan suka rayu. A Janairun 1848 aka ga zinariya a Kalifoniya, a Sutter's Mill, jama'a suka kwararo. Ted Griffin, wanda ya rubuta fim ɗin, ya ɗauko waɗannan duka ya haɗa da labarin Alferd Packer, wanda ya shiga duwatsun Kolorado da mutum biyar a 1874 ya fito shi kaɗai da ƙoshinsa. Duk Ba'amurken da ya yi makaranta ya san ayarin Donner a matsayin labarin tausayi, na bayin Allah da yunwa ta tilasta. Fim ɗin ya juya shi: cin mutane a nan tsari ne, mai riba, kuma manya ne ke tafiyar da shi.

Mintunan farko sun isa su nuna maka ko darakta, Antonia Bird, ta san abin da take yi. Tutar Amurka tana kaɗawa, ana busa taken kishin ƙasa, ana ba jarumin fim ɗin, John Boyd, lambar yabo da muƙamin kyaftin saboda shi kaɗai ya kama hedikwatar abokan gaba. Ana cikin bikin ana yanko mana abin da ya faru a fagen daga: tsoro ne ya kama shi ya kwanta ya yi lamɓo kamar gawa, aka loda shi ƙarƙashin gawarwakin 'yan'uwansa, jinin kwamandansa ya riƙa ɗiga masa a baki, daga nan wani ƙarfi ya zo masa ya tashi ya yi abin da ake yaba masa. Sai a koma teburin walima. Hafsoshi jere cikin kaki mai tsabta, kowa da faranti da tsokar naman sa da ba ta gama dahuwa ba, tana tsiyayar jini. Kyamara ta matso kan wuƙa da cokali mai yatsu da bakuna, an ɗaga ƙarar taunar fiye da yadda kunne zai ji a zahiri. Boyd ya dubi farantinsa, ya fita da gudu ya yi amai, sunan fim ɗin ya fito.

Lura da abin da mai tace hoton ya yi. Bai sa kowa ya ce yaƙi cin naman mutane ne ba. Ya dai jera tsokar da ke faranti kusa da tsokar da ke fagen daga, jini iri ɗaya, launi ɗaya, ya bar idonka ya haɗa. Kuma masu cin ba dodanni ba ne, masu ladabin tebur ne da aka ba ƙasa amana. Wannan shi ne salon Swift a hoto. Janar Slauson, wanda ya san Boyd matsoraci ne amma ba ya son ɓata labarin jarumtar, sai ya tura shi can Fort Spencer cikin Sierra Nevada don kada ya sake ganinsa.

Mutum takwas ne a sansanin in an haɗa da Boyd, kuma kowannensu wani ginshiƙi ne na wayewar da Amurka ke cewa za ta kai yamma, amma a lalace. Kanar Hart mai ilimi ne, yana karanta littattafan Girkawa, da littattafan kuma yake fasa gyaɗar turawa. Manjo Knox shi ne likita, alhali likitan dabbobi ne, kullum a buge. Toffler shi ne mai addini, yana ta fama da wata waƙar coci da ya kasa gamawa. Reich shi ne soja na gaske, za ka gan shi tsirara rabi a cikin kogin ƙanƙara yana ihu shi kaɗai. Cleaves kuku ne da hayaƙi ya gama da shi. Sai George da 'yar'uwarsa Martha, 'yan asalin ƙasar, su ne kaɗai masu cikakken hankali a wurin. An gabatar da su duka a gurguje cikin raha, kuma wannan ɓangaren ya fi kusa da barkwanci na yau da kullum. Aikinsa ya sa ka saki jiki.

Daga nan baƙo ya faɗo cikin dare, sanyi ya kusa kashe shi, ya ce sunansa Colqhoun. Robert Carlyle ne ya fito a matsayin. Ya ba da labarin ayarinsu na mutum shida, har da wani Kanar Ives da ya yi musu jagora ta gajeriyar hanya, dusar ƙanƙara ta rufe su a kogo, suka cinye shanu da dawakai da kare, suka koma kan bel da takalma, sannan kan wanda ya fara mutuwa. Ya ce Ives ya zama dodo, shi kuwa ya gudo ya bar wata mata a hannunsa. George ya gargaɗe su da labarin Wendigo: wanda ya ci naman mutum yana ɗauke ƙarfinsa, amma yunwarsa ba ta sake ƙarewa, yana ci tana ƙaruwa. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, abin ya yi kama da yadda ake faɗin maita, wanda ya ɗanɗana ba ya iya bari kuma yana iya jawo wani ciki. Da Hart ya nuna ai wannan tatsuniya ce, George ya nuna masa hoton Yesu ya ce ai farar fata ma suna cin jikinsa kowace Lahadi. Gugar zanar ba a kan ibadar Kirista take ba. A kan mai zuwa ƙasar wasu yana kiransu marasa wayewa take.

Wurin da za ka fi gane fasahar fim ɗin, kuma wurin da masu kallo suka fi rabuwa biyu, shi ne bakin kogon, inda mutanen sansanin suka bi Colqhoun don ceto matar. Boyd da Reich sun shiga ciki, Reich ya ƙirga ƙwarangwal biyar a rataye, ɗaya da kakin soja. Shida ban da biyar, saura ɗaya, kuma ɗayan yana waje tare da sauran. A wajen Colqhoun yana ta karkarwa yana tonon ƙasa da hannu kamar kare, ya zaro wuƙar da ya binne, ya soke Hart, ya kashe George, ya dubi Toffler ya ce masa ya gudu. Har zuwa nan kiɗan na tsoro ne, yana hawa yana matse ƙirji. Da aka fara tseren cikin daji sai kiɗan ya juye ya zama na rawar ƙauyen Amurka, goge da banjo, mai sauri mai daɗi, irin wanda ake sa wa kaboyi in ya hau doki zai ci gari. Ana wannan kiɗan ana farautar mutum, aka kuma farke shi.

Michael Nyman da Damon Albarn ne suka yi kiɗan, kuma rabin habaicin fim ɗin a hannunsu yake. Gwada da kanka: kashe sautin ka kalli tseren, za ka ga fim ɗin yanka na kasuwa. Mayar da sautin, za ka ji ana tilasta maka jin daɗin da finafinan kaboyi suka saba ba ka, a kan abin da suka saba ɓoye maka. Haka kiɗan sansanin yake, an buga shi da gangan kamar 'yan koyo ne, kowane kayan kiɗa yana ɗan kauce wa ɗan'uwansa, taken ƙasa a bakin waɗanda ba su iya shi ba. Haɗarin wannan dabara a fili yake. Wanda bai san kiɗan da ake kwaikwaya ba zai ɗauka darakta ce ta rasa inda ta dosa, ko kuma tana yi wa wanda ake kashewa dariya. Abin da ya tsare fim ɗin daga zargi na biyu shi ne inda kyamara take tsayawa. Ba ta daɗewa a kan rauni. Tana nuna shi a taƙaice ta koma kan fuskar mai ci ko fuskar Boyd da ke kallo. A fim ɗin yanka zalla akasin haka ake yi, fuskar wanda ake yanka da raunin su ne kaya, mai yankan sau da yawa ma fuskarsa a rufe take. Duk fim ɗin da ka ji ana kira habaici, ka lura da wanne kyamara ta fi so, raunin ko mai cin moriyarsa.

Boyd ya harbi Colqhoun a kafaɗa, bai mutu ba. Boyd ya yi tsalle daga kan dutse, ya karye a ƙafa, ya faɗa rami tare da gawar Reich, ya yi kwanaki yana jurewa, daga ƙarshe ya ci. Da wannan ƙarfin ya dawo sansani, ba wanda ya yarda da labarinsa. Sai ga sabon kwamanda an turo, an yi aski an sa kaki mai kyalli: Kanar Ives, wato Colqhoun. Boyd ya ce a duba kafaɗarsa, aka duba, babu ko tabo.

Nan fim ɗin ya zama abin da yake. Dodon da ke tonon ƙasa da farce ya koma mutum mai fara'a, mai karatu, mai shan sigari a hankali, wanda Janar ke jin daɗin hira da shi, Boyd kuwa shi ake ɗaure wa a matsayin mahaukaci. Ives ya bayyana masa cewa tarin fuka ne ya kusa kashe shi, wani ɗan asalin ƙasar mai nuna hanya ya ba shi labarin Wendigo, sai ya gwada a kan mai ba da labarin, ya warke. Ka tsaya kan wannan kaɗan: ya karɓi ilimin mutumin, ya cinye mutumin, ya samu lafiya. Tarihin nahiyar ke nan a jimla ɗaya. Shirinsa kuma na ɗan kasuwa ne. Sansanin yana kan hanyar masu ƙaura, da bazara dubbai za su biyo ta nan, za a riƙa zaɓa ana ci a tsanake, ba kisan kan mai uwa da wabi ba, har yana cewa ba sa son raba iyali. Yana buƙatar abokan aiki masu muƙami don rufin asiri. Ya riga ya samu ɗaya: Hart, wanda ya ɗura wa nama ya tashe shi, ya dawo da ƙuruciya da ƙarfi, shi ne ma ya kashe Cleaves da dawakan sansanin. Knox kuwa a tukunya ya ƙare, Ives na tsaye yana yanka albasa da dankali yana juya farfesu kamar mai shirin tarbar baƙi.

Ga wuri na farko da fim ɗin ya yi rauni. Ives ya tsaya ya ambaci Manifest Destiny da bakinsa, ya ce ƙasar tana miƙa hannuwa tana cinye duk abin da ta samu, su kuwa bin sahunta kawai suke yi. Jawabin yana da daɗin ji, Carlyle ya iya faɗarsa, amma ya karya sharaɗi na uku na Swift. Mai maganar Swift bai san shi mugu ba ne, shi ya sa mai karatu ke yin aikin ganowa da kansa. Ives ya sani, har yana fassara maka fim ɗin. Abin da teburin walima ya faɗa ba tare da kalma ba, an dawo an rubuta shi a allo. Da an bar shi yana maganar shirin kasuwancinsa kawai, yawan matafiya da lokacin zuwansu da wanda za a ɗauka aiki, da ya fi tsoratarwa ya kuma fi ban dariya.

Na biyu shi ne faɗan ƙarshe. Ives ya soki Boyd don ya tilasta masa zaɓi tsakanin farfesun da mutuwa, Boyd ya sha. Hart ya gaji da halin da yake ciki ya roƙi Boyd ya kashe shi, ya kashe shi. Sannan Boyd da Ives suka shiga sara da suka da duk abin da hannu ya kai gare shi a sansanin, kuma tunda dukansu ba sa mutuwa da sauƙi, abin ya ja. A waɗannan mintuna zarginka gaskiya ne. Gwajin canza mai wuƙa ya faɗi a nan, don ko wane ne su biyun faɗan zai tafi daidai, jarumi da bos ne kawai ake jira a ga wanda zai faɗi. Jinin ya daina nufin komai, ya zama abin kallo. An ɗan farfaɗo a ƙarshensa, da Boyd ya ja Ives suka faɗa cikin babban tarkon beyar ya datse su tare, Ives yana ce masa in ka riga ni mutuwa zan cinye ka, in na riga ka fa? Ives ya riga shi, Boyd bai ci ba, ya mutu.

Abin da ya ceci fim ɗin gajeriyar fitowa ce da ke gefen wannan. Janar Slauson ya iso sansanin, ya tarar ba kowa, ya ga tukunya a kan wuta, ya ɗebo ya ɗanɗana, fuskarsa ta nuna ya ji daɗi. Ba jini, ba ihu, ba jawabi. Boyd ya ba da ransa don ya tsayar da cutar, ita kuwa ta hau sama zuwa mafi girman muƙami a fim ɗin, ta hanyar cokali. Fim ɗin tsoro na kasuwa ma yana ƙarewa da alamar dodo bai mutu ba, don a samu kashi na biyu. Bambancin a nan shi ne wanda ya zama dodon, da kuma cewa shekara mai zuwa a tarihi ita ce 1848, wadda aka ga zinariya a cikinta.

Rauni na uku ya fi sauran nauyi, kuma masu yabon fim ɗin ba su cika faɗarsa ba. Fim ne da ke sukar cinye ƙasar wasu, amma kusan duk waɗanda muka ga an ci fararen fata ne. Wendigo kansa labarin mutanen arewa ne, Ojibwe da Cree da danginsu a yankin manyan tafkuna da Kanada, an ɗauko shi an kai Kalifoniya don ya yi wa labarin aiki. 'Yan asalin Kalifoniya kuwa, waɗanda masana tarihi ke ƙiyasta yawansu ya faɗo daga kusan 150,000 a 1846 zuwa kusan 30,000 a farkon shekarun 1870, ta hanyar kisa da yunwa da cuta da aikin tilas, ba su fito ba sam. George ya yi gargaɗi an kashe shi. Martha ta faɗa wa Boyd cewa Wendigo karɓa kawai yake yi ba ya bayarwa, kuma ba a tsayar da shi sai mutum ya ba da kansa, daga ƙarshe ta leƙa ta ga gawarwakin biyu ta kama hanyarta. Suna da hankali, an girmama su, amma aikinsu bayani ne ga Bature mai neman tsira da mutuncinsa. Habaicin ya nuna mai ci sosai, wanda aka ci a tarihi kuwa ya bar shi a bakin ƙofa.

In kana son ganin bambancin da idonka, ka ajiye shi kusa da Bone Tomahawk na S. Craig Zahler, na 2015, wanda shi ma kaboyi ne da cin naman mutane, har ya fi Ravenous muni a fitowa guda da aka tsaga mutum biyu a gaban kyamara. Fim ne da aka yi da gwaninta, hirarsa tana da ban dariya, amma raha daban habaici daban. A can masu cin mutane wasu halittu ne na kogo marasa yare, masu ceto kuwa shugaban 'yan sandan gari ne da mutanensa. An ma sa wani ɗan asalin ƙasar ya fito ya ce waɗannan ba mutanensa ba ne, don a kauce wa zargi. Tsarin dai shi ne na tsohon fim ɗin kaboyi: wayewa a gari, dabbanci a daji, a je a ƙwato mace. Ta'asar tana ƙarfafa wannan tsari. A Ravenous dabbancin yana cikin sansanin, yana da lambar girma a kafaɗa, kuma shi ake gayyata cin abinci. Yawan jinin bai raba su ba, inda aka ajiye shi ne ya raba su.

Akwai dalilin da ya sa sautin fim ɗin ke rawa a wasu wurare, kuma ba duka ne da gangan ba. Milcho Manchevski ne ya fara ba da umarni, aka sallame shi bayan 'yan makonni ana ɗauka saboda saɓani da kamfanin Fox 2000. Aka kawo Raja Gosnell, 'yan wasan ba su karɓe shi ba. Carlyle ne ya kawo Antonia Bird, 'yar Birtaniya da ya taɓa aiki da ita, ta karɓi aikin da ɗan ƙaramin lokacin shiri, aka ƙarasa ɗauka a duwatsun Tatra na Sulobakiya da kuma Meziko. Daga baya ita ma ta yi ƙorafin cewa kamfanin ya sa hannu a tacewar. Habaici ya fi kowane irin fim buƙatar hannu ɗaya, domin ɗan ƙarin raha yana mai da shi shirme, ɗan ƙarin tsoro yana kashe rahar. An kashe kusan dala miliyan 12, ya dawo da kusan miliyan 2 a sinimomin Amurka. Tallarsa ta sayar da shi kamar wasan barkwanci, masu neman dariya suka tarar da yanka, masu neman yanka suka tarar da goge da banjo. A faifan bidiyo ne ya samu masoyansa daga baya.

In za ka sake kallo, ka nemi mai sautin asali da rubutun fassara a ƙasa. Irin fassarar da mai magana ke hawa kan sautin yana ba da labari tana danne kiɗan da ƙarar taunar, kuma in aka danne waɗannan biyun abin da ya rage shi ne daidai abin da ka ce ka gani. Ka mai da hankali kan walimar farko, da tseren bayan kogo, da labarin da Colqhoun ya bayar a gaban wuta, wanda a kallo na biyu za ka ji shi daban tunda ka san mai ba da shi ne Ives ɗin da yake kuka da shi. Fim ne na manya, kusan minti 100, kuma bai dace a kunna shi inda yara suke ba.